Kama da Lamba Ba Lamba Ba Ce

Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta ya san ɗan akwatin nan da ake cewa a rubuta shekaru, ko maki, ko nauyi a cikinsa. Mutum ya danna alƙaluma biyu ko uku, ya danna maɓallin amincewa, na'ura ta karɓa, ya ci gaba da harkarsa. A ganin mafi yawanmu babu wani abu da ya faru a tsakani. Alhali kuwa a wannan ɗan lokaci, wanda bai kai ƙiftawar ido ba, an yanke wani hukunci a madadinmu: an ɗauki abin da muka rubuta an ce ga abin da muke nufi. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne cewa wannan hukunci ya fi ƙarfin a bar wa na'ura ta yanke shi ita kaɗai a ɓoye. Manhajar da ba ta tabbatar da nufin mai rubutu ba, wajibinta ne ta tsaya ta tambaya. Kuma tun daga makarantar sakandare ya kamata a fara koya wa ɗalibai wannan darasi, a ajin kwamfuta da kuma ɗakin gwaje-gwajen kimiyya.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa malamin ilmin halittu da sha'anin tsara manhaja? Amsa ita ce, fanninmu yana cikin waɗanda wannan matsala ta fi yi wa ɓarna, kamar yadda za mu gani nan gaba. Amma bari mu fara daga tushe.

Yadda rubutu yake zama adadi

Kwamfuta ba ta san harafi ba, ba ta kuma san alƙalamin lissafi ba. Abin da ta sani shi ne jerin sifiri da ɗaya. Saboda haka aka yi yarjejeniya aka ba kowace alama da ke kan allon maɓallai tata lambar sirri. A tsarin da ake kira ASCII, wanda aka fara fitarwa a Amurka a shekarar 1963, alamar 0 tana da lamba 48, alamar 1 tana da 49, haka har zuwa alamar 9 mai lamba 57. Ke nan idan ɗalibi ya danna 7 a cikin akwatin rubutu, abin da ya shiga cikin na'ura shi ne 55, wato sunan siffar bakwai. Adadin bakwai, wanda ake iya tarawa ko ninkawa, bai samu ba tukuna.

Kafin ya samu sai manhaja ta yi wani ɗan aiki. A ce an rubuta 472. Manhaja za ta ɗauki alama ta farko, mai lamba 52, ta cire 48, saura 4. Ta ɗauki ta biyu, mai lamba 55, ta cire 48, saura 7, sai ta ninka 4 sau goma ta ƙara 7, ya zama 47. Ta ɗauki ta uku, mai lamba 50, ta cire 48, saura 2, ta ninka 47 sau goma ta ƙara 2, ya zama 472. Wannan shi ne lissafin gurbi na ɗaya-ɗaya, goma-goma da ɗari-ɗari da aka koya mana a firamare, wanda masanin nan al-Khwarizmi ya yi bayaninsa a Bagadaza tun ƙarni na tara.

Idan aka tsallake wannan mataki, abin mamaki yakan faru. A harsunan tsara manhaja da dama, in aka ce a haɗa rubutun 12 da rubutun 3, amsar da za ta fito ita ce 123, domin na'ura ta jera su ne kamar yadda ake jera haruffa a cikin kalma. Sai bayan an juya su sun zama adadi ne za a sami 15. Kusan duk mai koyon tsara manhaja yakan ci karo da wannan a makonninsa na farko, kuma kuskure ne mai sauƙi, tun da yana fitowa fili kowa ya gani. Wanda ya fi haɗari shi ne wanda ba ya nuna kansa.

Idan rubutun bai zo yadda ake zato ba

Mutane ba sa rubutu kamar injin. Wani zai rubuta 45kg, wani ya bar fili kafin lambar, wani ya sa harafin O a gurbin sifiri. Tsofaffin akawuna da suka koyi aiki a kan tafireta sun saba buga ƙaramin harafin l a madadin 1, saboda tafiretoci da yawa ba su da maɓallin ɗaya. Wanda ya tashi a makarantar allo ko Islamiyya kuma yana iya amfani da alƙaluman Larabci, inda biyar take kama da sifirin boko, sifiri kuma ɗigo ne kawai. Me manhaja za ta yi idan ta gamu da irin waɗannan?

Hanyoyi biyu ne. Ko dai ta ƙi karɓa ta sanar da mai rubutu, ko kuwa ta yi kirdado ta wuce. Akwai wani tsohon umarni a harshen C mai suna atoi. Idan aka ba shi rubutun da babu alƙalami a farkonsa, ba ya ƙorafi, sai kawai ya ba da amsa 0. A harshen Visual Basic, wanda aka gina ɗimbin manhajojin ofisoshi da shi a shekarun 1990, akwai umarni mai suna Val, wanda yake karantawa har ya iso alamar da bai gane ba, sai ya tsaya ya miƙa abin da ya samu. Idan aka ba shi 1,500 zai tsaya a kan waƙafi ya ba da 1. Naira dubu ɗaya da ɗari biyar ta koma naira ɗaya, kuma babu wata ƙararrawa da za ta kaɗa.

Ga masanin kimiyya, wannan sifiri na ƙarya ba ƙaramin abu ba ne. A ce ɗalibai sun shuka masara biyar domin gwajin taki. Sun auna huɗu sun sami tsawon santimita 40, 42, 38 da 44, ta biyar kuwa akuya ta cinye kanta ba a auna ba, aka bar gurbinta babu komai. Matsakaicin tsawon huɗun shi ne 41. Idan manhaja ta ɗauki gurbin da babu komai a matsayin sifiri, sai ta raba 164 gida biyar ta ba da 32.8. Ɗalibai za su rubuta a rahotonsu cewa takin bai yi aiki ba, alhali laifin akuya ne da na manhaja. Haka abin yake a ɗakin gwajin jini: gurbin da ba a cika ba yana nufin ba a duba ba, sifiri kuwa yana nufin an duba ba a ga ƙwayar cuta ba. Tsakanin waɗannan biyu akwai ran majinyaci.

Ɗigo a Katsina, waƙafi a Maraɗi

Wata matsalar kuma ta shafe mu kai tsaye, mu da harshenmu ya ratsa iyakar ƙasashe. Nijeriya ta gaji tsarin Ingila, inda ɗigo yake raba cikakken adadi da gutsurensa, waƙafi kuma yake raba dubbai. Jamhuriyar Nijar ta gaji tsarin Faransa, inda waƙafi ne yake raba cikakken adadi da gutsure. Saboda haka 1,500 a Katsina dubu ɗaya da ɗari biyar ne, amma a Maraɗi ɗaya da rabi ne. Bambancin ninki dubu ne cur, a tsakanin garuruwa biyu da mutanensu suke magana da harshe ɗaya, suke cin kasuwa ɗaya.

Kwamfuta tana bin tsarin ƙasar da aka saita ta a kai. Idan ma'aikacin lafiya a Damagaram ya rubuta zafin jikin yaro 38,5 ya aika wa abokin aikinsa a Kano, wata manhajar za ta yi watsi da waƙafin ta karanta 385, wata ta tsaya a 38, wata kuma ta ajiye shi a matsayin rubutu kawai. Wannan na ƙarshe ma yana da nasa tarkon, domin manhajojin jadawali irin su Excel sukan tsallake gidan da ke ɗauke da rubutu idan ana tara jimilla ko neman matsakaici, ba tare da sun faɗa ba. Cututtuka irin su sanƙarau da ƙyanda ba su san iyaka ba, fari da tsuntsayen jan baki ma haka. Duk bayanin da zai tsallaka iyakar nan yana iya canja ma'ana a hanya idan ba a kula ba.

Lambobin da ba adadi ba ne

Akwai kuma abubuwan da ake rubutawa da alƙaluma amma sunaye ne. Lambar wayar hannu a Nijeriya alƙaluma 11 ce kuma tana farawa da sifiri. Lambar asusun banki alƙaluma 10 ce, wasu kuma da sifiri suke farawa. Babu wanda yake tara lambar wayarsa da ta maƙwabcinsa, ko ya nemi matsakaicin lambobin jarrabawar 'yan ajinsa. Amma da zarar an shigar da irin wannan lamba cikin jadawali, sai ya ɗauke ta adadi, ya yar da sifirin farko, tun da a lissafi 0803 da 803 duk ɗaya ne. Excel kuma ba ya riƙe fiye da alƙaluma 15 na adadi. Idan lamba ta kai alƙaluma 16, na ƙarshe sai ya koma sifiri.

Malamai ma ba su tsira ba. Malamin da ya rubuta makin ɗalibi 8/10 zai ga ya rikiɗe ya zama kwanan wata: ko 8 ga Oktoba, ko 10 ga Agusta idan an saita na'urar a kan tsarin Amurka. Wanda ya rubuta 3:1, wato rabon nan da Gregor Mendel ya samu a gwajin wakensa, zai ga an mai da shi ƙarfe uku da minti ɗaya.

Yadda aka canja wa ƙwayoyin gado suna

Yanzu mun iso fannina. A jikin ɗan Adam akwai ƙwayoyin gado kimanin 20,000 da suke ɗauke da umarnin haɗa furotin, kuma kowace tana da gajeren suna na haruffa da alƙaluma da masana suka yarda da shi. Akwai wadda ake kira SEPT2, daga dangin da suke taimakawa wajen rabuwar ƙwayar halitta gida biyu. Akwai MARCH1, mai hannu a aikin garkuwar jiki. Akwai kuma DEC1. Idan aka buɗe jerin waɗannan sunaye a cikin Excel, sai ya ga SEPT2 ta yi kama da 2 ga Satumba, MARCH1 ta yi kama da 1 ga Maris, DEC1 kuma 1 ga Disamba, sai ya juya su. A cikinsa kuwa kwanan wata adadi ne na kwanakin da suka shuɗe tun daga farkon shekarar 1900, don haka sunan ƙwayar gado sai ya koma wata lamba mai alƙaluma biyar. Wasu sunayen samfura, irin su 2310009E13, sai ya ɗauka adadi ne mai tsananin girma da aka taƙaita, saboda harafin E da ke ciki.

Abin da ya fi muni shi ne, in an adana takardar, sunan asali ya tafi ke nan. Wani zai ce ai sai a duba kwanan watan a gane sunan. Ba kullum ba. Akwai wata ƙwayar gado dabam da ake kira MARC1, wadda ita ma take komawa 1 ga Maris. Wanda ya tarar da wannan kwanan wata ba shi da hanyar sanin wacce ce daga cikin biyun.

Tun a shekarar 2004 wasu masana a Amurka suka ja kunnen 'yan'uwansu game da wannan a mujallar BMC Bioinformatics. A shekarar 2016 Mark Ziemann da abokan aikinsa a Ostareliya suka binciki maƙalu 3,597 da aka buga tare da jerin ƙwayoyin gado a cikin Excel, suka tarar da irin wannan ɓarna a cikin 704, wato kusan ɗaya cikin biyar. Wani binciken da aka buga a 2021, wanda ya duba maƙalu fiye da 11,000, ya sami ɓarnar a kimanin kashi 31 cikin 100. Waɗannan fa ayyuka ne na ƙwararru, waɗanda wasu ƙwararrun suka tace kafin a buga.

A shekarar 2020 kwamitin da ke kula da sunayen ƙwayoyin gadon ɗan Adam, HGNC, ya fitar da sababbin ƙa'idoji, bayan ya canja wa ƙwayoyin gado 27 suna. SEPT2 ta koma SEPTIN2, MARCH1 ta koma MARCHF1. Sai a watan Oktoba na 2023 kamfanin Microsoft ya sanar da cewa ya saka wani zaɓi da mutum zai iya hana manhajar yin irin wannan juyi. Daga jan kunnen farko zuwa wannan gyara shekara 19 ke nan. Ban ga laifin kwamitin ba, domin abin da ke hannunsa ya gyara. Amma lamarin ya yi kama da wanda takalmi ya matse, maimakon a buɗa takalmin sai aka rage ƙafar.

Hujjar masu wani ra'ayi

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren. Masu kare wannan ɗabi'a ta manhaja suna cewa mafi yawan masu amfani da jadawali 'yan kasuwa ne da akawuna, kuma idan suka rubuta abin da ya yi kama da kwanan wata, kwanan watan suke nufi. Da manhaja za ta riƙa tsayawa tana tambaya a kowane gida, da aiki bai tafi ba. Suna kuma cewa masanin kimiyya ya kamata ya san kayan aikinsa: ya saita ginshiƙin jadawali a matsayin rubutu kafin ya zuba bayanai, ko kuwa ya koma ga harsuna irin su R da Python.

Akwai gaskiya a cikin wannan magana, kuma ina cikin masu cewa jahilcin kayan aiki ba uzuri ba ne ga mai bincike. Sai dai hujjar tana da rauni ta fuska biyu. Na farko, sauƙin da ake samu da asarar da ake yi ba su yi daidai a ma'auni ba. Tambaya ɗaya a farkon ginshiƙi daƙiƙa biyu take ci, amma bayanin da ya lalace a ɓoye yana iya yawo shekaru daga wannan bincike zuwa wancan. Na biyu, idan ƙwararru da suka san matsalar suna faɗawa cikinta bayan an yi ta jan kunne shekara da shekaru, to ba sakacin mutane kaɗai ba ne, akwai laifin ginin. Rijiyar da ke tsakiyar hanya ba a wadatuwa da cewa masu wucewa su lura, murfi ake yi mata. Da muguwar rawa gara ƙin tashi: manhajar da ta ce ban gane ba ta fi wadda ta ba da amsar ƙarya da fuskar gaskiya.

Abin da ya kamata mu koyar

Ga ɗalibin da ya fara tsara ƙananan manhajoji, akwai tambayoyi huɗu da ya kamata ya yi wa kansa duk lokacin da ya ajiye akwatin rubutu a gaban mutane. Ta farko, abin da za a rubuta adadi ne ko suna? Ma'aunin mai sauƙi ne: idan tarawa ko ninkawa ba ta da ma'ana a kansa, a bar shi a rubutu. Ta biyu, da tsarin wace ƙasa za a karanta shi, ɗigo ko waƙafi? A rubuta misali a gefen akwatin, tare da ma'aunin da ake so, kilo ne ko giram. Ta uku, mene ne iyakarsa? Zafin jikin mutum ba ya kai 385, maki bisa ɗari ba ya wuce 100, ita kanta na'ura tana da iyaka, domin gurbin cikakken adadi na tsohon Visual Basic ba ya ɗaukar fiye da 32,767. Ta huɗu, idan juyin ya ƙi, me za a yi? A nan ne harsunan zamani suka kyauta. Python yakan tsaya ya nuna kuskure idan aka ce ya juya 12a zuwa adadi, harshen C# kuma yana da umarni mai suna TryParse, wanda yake fara faɗin ko an yi nasara. Aikin ɗalibi shi ne ya karɓi wannan sanarwa ya mayar wa mai rubutu da saƙo cikin harshen da zai gane, ya kuma bar masa abin da ya rubuta domin ya gyara. Kada ya kuskura ya cike gurbin da sifiri don kawai manhajarsa ta wuce.

Ga malamai kuwa, wannan darasi ba ya buƙatar kayan aiki masu tsada. Ko da kwamfuta ɗaya ce a makaranta, a tara ɗalibai a buɗe jadawali, a sa su rubuta lambar waya mai farawa da sifiri, da 8/10, da 3:1, da 1-5, su gani da idonsu abin da zai faru. Inda babu kwamfuta, allo da alli sun isa: ɗalibi ɗaya ya zama na'ura yana bin matakan cire 48 da ninkawa sau goma, sauran su riƙa ba shi rubutu mai wuyar sha'ani su ga inda zai tuntuɓe. Malamin kimiyya kuma ya sabar da ɗalibansa da ajiye littafin awo na asali da aka rubuta da hannu, da kwatanta shi da abin da ke cikin na'ura kafin a fara lissafi, da ƙidaya gidaje nawa ne suka shiga cikin jimilla.

Mun saba gaya wa ɗalibai cewa kimiyya awo ce da lura. Muna koya musu wanke kwalbar gwaji da daidaita sikeli a kan sifiri kafin a auna, saboda mun san kayan aiki suna iya gurɓata sakamako. Akwatin rubutun kwamfuta ma kayan awo ne, kuma a yau kusan duk abin da aka auna ta cikinsa yake bi kafin ya isa ga likita, ko manomi, ko mai tsara kasafin kuɗi. Ya cancanci irin wannan kulawa. Ɗaliban da ke ajujuwanmu yanzu su ne za su gina manhajojin asibitoci da makarantu da ma'aikatun gobe. Idan suka tashi da sanin cewa kama da wane ba wane ba ne, kuma tambaya ta fi kirdado, to bayanan da za a damƙa a hannunsu za su isa inda aka aike su yadda aka rubuta su.